Farin ƙuda da ƙanƙanin zanzaron da ke cin sa: tambayoyin masu lambu a Kumasi da amsoshinsu

Duk shekara, da zarar ruwan Nuwamba ya ɗauke hunturu ya fara busowa, tambayoyi iri ɗaya nake sha daga 'yan'uwanmu masu lambu a Gyinyase da bakin rafukan da suka ratsa Kumasi, da kuma iyayenmu mata masu 'yan bokitan barkono da tumatir a bayan ɗaki a Aboabo da Asawase da Sawaba. Farin ƙuda ya sauka, an yi feshi ya ƙi tafiya, kuma an ji labarin wai akwai wani ƙwaro da ke kashe shi. Na tattara tambayoyin kamar yadda aka yi mini su, na amsa da abin da na karanta da abin da na gani da idona a bayan ganye.

Shi wannan farin ƙudan mene ne, kuma me ya sa yake fin ƙarfinmu da rani?

Sunan ƙuda kawai ya ci, amma danginsa su ne darɓa da sauran ƙwarin da ke tsotson ruwan shuka. Wanda ya fi damun mu a tumatir da kuɓewa da gauta da rogo shi ne wanda masana ke kira Bemisia tabaci. A jikin taba aka fara bayyana shi, a ƙasar Girka, a 1889. Tsawonsa bai wuce milimita 1 ba. Idan ka girgiza shuka ka ga wani abu kamar garin rogo ya tashi sama ya sake sauka, manyan ke nan.

Manyan su ne ido ke gani, amma rundunar tana bayan ganye. A can macen ke jera ƙwai, kuma guda ɗaya kan yi ƙwai sama da 100 a rayuwarta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yakan ɗan yi rarrafe, ya sami wuri ya kafa bakinsa, daga nan ba ya sake motsi. Zai lafe a jikin ganyen kamar ɓawon kifi ƙanƙane, yana tsotso yana girma, har ranar da zai fito da fiffike. A zafinmu na nan, daga ƙwai zuwa babba kimanin mako 3 ne. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe su ya rage su, shi ya sa daga Afrilu zuwa Yuli ake samun sauƙi. Da rani babu mai kakkaɓe su, ga zafi yana gaggauta girmansu, ga shi lambunka da kake ba ruwa shi kaɗai ne kore a unguwar. Dole su taru a kanka.

Ganyen barkonona ya yi danƙo ya yi baƙi kamar kunkunniyar madafa. Wata cuta ce daban?

Aikin farin ƙuda ne. Ruwan da yake tsotsa ya fi abin da cikinsa ke buƙata zaƙi, sai ya riƙa fitar da ragowar, ta ɗiga a ganyen ƙasa. A kan wannan danƙon ne wani baƙin fumfuna ke tsirowa. Ba ya shiga cikin ganyen, ana iya goge shi da yatsa, amma yana tare hasken rana, kuma 'yan kasuwa a Kejetia ba sa son barkono ko gautan da ya yi dauɗa. Idan ƙwaron ya ragu, sabon tofo zai fito fes.

Wane irin zanzaro ne wannan da ake cewa yana kashe shi?

Kowa ya san zanzaron da ke gina ɗan ɗakin laka a kusurwar bango ko a bayan ƙofa. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin nan tun yana yaro ya ga abin da ke ciki: tsutsotsi ko gizo-gizo a sandare, waɗanda uwar ta harba ta ajiye domin ɗanta ya ci idan ya ƙyanƙyashe. To wannan da muke magana ɗan'uwansa ne na nesa, kuma sana'arsu ɗaya. Bambancin shi ne wannan ba ya gini. Jikin ɗan farin ƙudan shi ne ɗakin, shi ne kuma abincin.

Wanda ya fi suna a cikinsu Encarsia formosa ne. Tsawonsa kamar milimita 0.6, wato bai kai ɗigon biro ba. Kai da ƙirji baƙi, ciki rawaya. Macen tana yawo a bayan ganye tana laluba da 'yan ƙahonninta, idan ta sami ɗan farin ƙuda da ya ɗan tasa sai ta soke shi ta sa ƙwai ɗaya a ciki. Tsutsarta ta cinye shi daga ciki, ta rikiɗa a cikin ɓawon, sannan ta huda ta fito a matsayin sabon zanzaro. Wannan zagaye yakan ɗauki mako 2 zuwa 3, gwargwadon zafi. Ban da waɗanda take sa wa ƙwai, akwai waɗanda take hudawa ta sha ruwan jikinsu don ta sami ƙarfin yin ƙwai, su ma mutuwa suke yi.

Wani abin mamaki a wannan nau'in shi ne kusan dukkansu mata ne. Wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia da ke zaune a jikinsu ita ke sa mace ta haifi mace ba tare da namiji ba. Ga mai lambu wannan riba ce, domin duk wanda ya fito daga ɓawo ma'aikaci ne.

Akwai kuma dangin Eretmocerus, masu launin rawaya kamar lemun tsami da ya nuna. Su ba sa soke ɗan farin ƙudan, ƙarƙashinsa suke tura ƙwai, tsakaninsa da ganye, sai tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga.

Yana harbin mutum? Muna da yara a gida.

Ko kaɗan. Abin da yake soka da shi bai iya huda fatar mutum, ba ya sheƙa kamar rina, ba ya bin abinci, ba ya shiga ɗaki. Da wuya ma ka gan shi. Ba ya cin ganye kuma ba ya taɓa 'ya'yan shuka, don haka babu abin da zai bari a tumatirin da za a kai miya.

Ta yaya zan san ko yana cikin lambuna?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin mafi yawan masu tambayar inda ake sayen zanzaron suna da shi a lambunsu ba su sani ba.

Ka nemi gilashin ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo ko masu gyaran waya, wanda ke ninka abu sau 10. Ka tsinko ganye daga ƙasan shukar, ba daga sama ba, domin manya da ƙwai suna saman shuka, 'ya'yan da suka tasa kuwa suna tsofaffin ganyen ƙasa. Ka juya bayansa ka duba a cikin haske. Lafiyayyen ɗan farin ƙuda fari-fari ne ko rawaya-rawaya, idan ya kusa fita za ka ga jajayen idanu biyu. Wanda zanzaro ya shiga launinsa kan sauya. A irin farin ƙudan da ke damun masu noma a rumfunan gilashi a Turai yakan koma baƙi ƙirin, a namu na Bemisia kuwa yakan yi ruwan ƙasa ko ruwan zuma mai duhu, wani lokaci har ka hango siffar zanzaron a kwance a ciki.

Sai ka duba ɓawon da aka fita aka bari. Idan farin ƙuda ne ya fito, ɓawon yakan tsage a tsaye da gicciye kamar harafin T. Idan zanzaro ne, za ka ga ɗan rami zagayayye tsaf, kamar an huda da allura. Wannan ramin shi ne shaidarka.

Na taɓa zuwa wajen wani dattijo mai fangalin gauta a wajen Gyinyase, na tarar ya tara ganyen ƙasa a gefe zai cinna musu wuta. Na gaishe shi na ce, "Baba, me ya sami waɗannan?" Ya ce ai cutar ta yi nisa, har ƙwarin sun fara baƙi. Na ɗauki ganye ɗaya na ɗora masa gilashin a kai. Ya daɗe yana kallo, ya matsa wajen rana ya sake kallo. A ganye ɗayan nan muka ƙirga ramuka zagayayyu fiye da tsagaggun ɓawo. Na ce masa, "Baba, waɗannan baƙaƙen masu taya ka aiki ne, a ciki suke ba su fito ba tukuna." Bai ce komai ba sai "Ikon Allah," ya tattara ganyen ya mayar da su ƙarƙashin shukar a inuwa. Abin da nake so kowa ya yi ke nan: idan ka rage ganyen ƙasa ka ga akwai masu duhu a jiki, ka bar su a gindin shuka kamar mako 1 ko 2 kafin ka kwashe.

Wannan ba dabarar Turawa ba ce da ta dace da ƙasarsu kawai? An taɓa ganin ta yi aiki a nan?

Gaskiya ne a Ingila aka fara kiwon Encarsia formosa. A 1926 wani masani mai suna Speyer ya lura da baƙaƙen 'ya'yan farin ƙuda a ganyen tumatir, aka shiga kiwonsa a tashar bincike ta Cheshunt ana raba wa masu rumfunan gilashi, har aka aika da shi Ostireliya da Kanada. Bayan yaƙin duniya na biyu, da sabbin magungunan feshi suka fito, sai aka watsar da shi. A shekarun 1970 ƙwarin suka fara jure wa magani, manoman Holand da Ingila suka koma wa zanzaron da suka yar.

Amma babbar nasarar irin wannan aiki a Afirka aka same ta, kuma a gonar talaka. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo daga Kudancin Amurka ya faɗa wa rogo, ya bazu daga Kongo har ya iso Afirka ta Yamma. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a wani shiri da masani Hans Herren ya jagoranta, ta kawo wani ƙanƙanin zanzaro mai suna Anagyrus lopezi daga Faragwai, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981, daga baya aka sake shi a Gana da sauran ƙasashen rogo. Ya zauna, ya hayayyafa, ya danne ƙwaron har yau, ba tare da manomi ya biya ko sisi ba. Herren ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aikin. Haka aka yi da farin ƙwaron mangwaro da ya addabi Gana da Togo a farkon shekarun 1980, wanda aka kawo wa zanzaro daga Indiya aka fara saki a Togo a 1987.

A kan farin ƙuda kansa ma muna da misali. Masu shekaru za su tuna farkon shekarun 1990, lokacin da wani babban farin ƙuda mai zana farin zobe kamar naɗin tabarma a bayan ganye ya cika gwaba da gwanda da rogo da itatuwan bakin titi. Sunansa Aleurodicus dispersus, an fara ganinsa a Najeriya a 1992, ya watsu zuwa maƙwabta har da mu. Da masana suka bincika sai suka tarar wasu nau'o'in Encarsia biyu sun biyo shi da kansu, kuma su ne suka karya lagonsa cikin 'yan shekaru. Har yanzu za ka ga zoben nan jefi-jefi a gwabar tsakar gida, amma ba kamar da ba.

Ina feshi duk mako, amma kullum ƙaruwa suke yi. Maganin ne jabu?

Mai yiwuwa ne, amma ko maganin na gaske ne hakan na faruwa, kuma dalilin yana ba ni takaici duk lokacin da na gani. Feshin da akasarinmu ke yi saman ganye yake sauka, 'ya'yan farin ƙuda kuwa suna ƙasa a lafe, jikinsu shafe da kakin da ruwa ba ya kamawa. Ƙwai ma ba ya jin yawancin magungunan. Shi kuwa zanzaro yawo yake yi a ƙafa daga ganye zuwa ganye, ya taka maganin nan da nan ya mutu. Magunguna irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda suka cika shagunan kayan noma, dafinsu kan ci gaba da kashe zanzaron a jikin ganye har wata 2 ko fiye. Ka kashe mai gadi, ɓarawo yana nan da ransa.

Sannan ga juriya. A cikin dubban farin ƙuda akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya kashewa, su ne za su haifi na gaba, bayan mako 3 jikokinsu sun fito. An tabbatar da juriyar Bemisia ga irin waɗannan magunguna, har da imidacloprid da danginsa, a ƙasashe da yawa. Mai lambu ya ga murfin kwalba ɗaya bai yi ba ya sa biyu, ya haɗa iri uku a tanki ɗaya, ya goya a baya ba takunkumi ba safar hannu. Kuɗinsa ya tafi, ƙirjinsa ya sha, kuma ayoyo da latas ɗin da ya fesa jiya su ne gobe a tukunyar wata uwa a Zango. Garin neman gira ake rasa ido.

Abin ya wuce lambu ɗaya. Daga Oktoban 2015 zuwa ƙarshen 2017 Tarayyar Turai ta hana shigar da wasu kayan lambun Gana, ciki har da barkono da gauta, saboda ƙwarin da ake ta samu a cikin kayan. A lokacin nan ba ƙarancin feshi ake yi a gonakinmu ba.

To in daina feshi gaba ɗaya ke nan?

Ban ce ka zauna ka zuba ido gonarka ta lalace ba. Abin da nake cewa shi ne ka daina feshin kalanda, wato na duk Asabar ko da me aka gani ko ba a gani ba. Ka fara dubawa. Idan dole sai ka fesa, ka zaɓi abin da ke aiki nan take ya gushe. Ruwan sabulu marar ƙarfi, irin sabulun salo da ake kira alata a nan, yana kashe 'ya'yan da ya jiƙa, idan ya bushe kuma ya ƙare. Ka gwada a shuka 2 ko 3 tukuna ka jira kwana 2, domin idan ya yi kauri yana ƙona ganye. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, ko mansa, yana hana su ci da girma. Akwai kuma magungunan da aka yi da fumfunan da ke kama ƙwari, irin Beauveria bassiana. Duka waɗannan suna taɓa zanzaron da suka sauka a kansa, amma ba sa barin dafi na makonni, kuma waɗanda ke cikin ɓawo da yawa sukan tsira.

Ka juya bakin famfon sama ya riƙa dukan bayan ganye, ka yi da yamma lis ko da sassafe. Ka fesa inda suka yi yawa, ka bar inda ke da sauƙi domin zanzaro ya sami mafaka. Idan abin ya kai ga maganin shago, ka tabbatar yana da rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar da kwanakin jira kafin girbi, ka kuma tambayi malamin gona na gundumarku wanda ya fi sauƙi ga ƙwari masu amfani.

A ina ake sayensa, kuma zai yi aiki a fangalina da ke fili?

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kamar Koppert a Holand da Biobest a Beljiyam, kuma a Kenya ma ana kiwon ƙwari masu amfani saboda gonakin furanni da kayan lambu. Ba zanzaro mai tashi suke sayarwa ba. 'Ya'yan farin ƙuda ne da zanzaro ke ciki, an manna su a 'yan katuna masu ƙugiya, ka rataya a shuka su fito da kansu. Abu ne mai rai, ba ya jure zafin mota ko kwana a tasha, kuma ba ya ajiyuwa fiye da kwana 1 ko 2 ko da a wuri mai sanyi. Shigo da shi Gana sai da izinin sashen kare tsirrai na ma'aikatar abinci da noma, wato PPRSD da ke Pokuase, bisa dokar tsirrai da taki ta 2010. Kada ka sa wani ɗan'uwa ya saƙo maka shi a jaka daga Turai.

A fili kuwa, ra'ayina shi ne kada ka sa kuɗinka. Iska za ta kwashe su, farin ƙuda zai ci gaba da kwararowa daga lambun maƙwabci, feshin maƙwabcin kuma zai biyo iska ya same su. Mai fangali a fili jarinsa shi ne zanzaron da Allah ya riga ya ajiye a wurin, irin su Encarsia sophia da Eretmocerus mundus da ake samu a gonakin Afirka, tare da gizo-gizo da 'yan buzuzun nan masu ɗigo-ɗigo da ke cin 'ya'yan ƙwari. Kuma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Inda fangali ke manne da fangali, sai an zauna an yi magana, ko a ƙungiyar masu lambu ko bayan sallar la'asar, a yarda a rage feshi tare.

Ni ina da rumfar leda mai raga. Yaya ake sakinsa?

A nan ne sayen yake da ma'ana, kuma irin rumfunan nan suna ƙaruwa tun da aka kafa na Akomadan da Dawhenya. Sharaɗi na farko shi ne ka fara da wuri, tun kana ganin farin ƙuda ɗaya-ɗaya, ko ma kafin ka gani. Zanzaro ba ya kashe gobara, hana ta tashi yake yi. Idan har kana taɓa shuka farin gari na tashi, ka makara, sai ka fara rage su da sabulu ko darbejiya.

Kamfanoni kan ba da shawarar daga 1 zuwa 10 a kowace murabba'in mita, gwargwadon yawan ƙwaron, a maimaita duk mako aƙalla sau 3, domin farin ƙudan ba rana ɗaya suke kai girman da zanzaro ke so ba. Ka rataya katin a tsakiyar shukar cikin inuwar ganye, inda rana ba ta dukansa kuma ruwa ba ya jiƙa shi, kada ka taɓa ƙwayoyin da yatsa. Bayan mako 2 zuwa 3 ka fara duba ganyen ƙasa. Idan a cikin 'ya'ya 10 da suka tasa kana samun 8 sun sauya launi, aikin ya kama.

Ka tuna abin da aka fesa a rumfar watanni 2 da suka wuce, har da wanda aka zuba wa dashen a wurin raino. Ka gyara duk wata ɓarakar raga, ka sa ƙofa biyu, ka cire ciyawar ciki da ta kewaye.

Encarsia zan nema ko Eretmocerus?

A Kumasi, Eretmocerus. Encarsia formosa ya fi jin daɗin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfinsa kan ragu idan zafi ya haura 30, kuma farin ƙudan da ya fi ƙwarewa a kai ba irin namu ba ne. Rumfar leda a watan Fabrairu da tsakar rana ta wuce haka nesa. Eretmocerus ya fi jure zafi kuma ya fi kama Bemisia.

Tumatirina ya tsaya da girma, ganyen ya nannaɗe ya yi rawaya. Zanzaron zai warkar da shi?

A'a, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Wannan cutar bairas ce da farin ƙuda ke ɗauka daga shuka marar lafiya ya kai wa mai lafiya, kuma manoman tumatir a Akomadan da Tuobodom sun san ta sarai. Tsotson ƙasa da awa 1 ya ishe shi ya ɗauka, sannan ya yi ta rabawa kwanaki. Babba mai fiffike ne ke yaɗa ta, shi kuwa zanzaro 'ya'ya yake kamawa. Zai rage yawan masu tasowa, amma ƙwaro kaɗan sun isa su shigo da cutar, kuma shukar da ta kamu ba ta da magani, na feshi ko na gargajiya.

Rigakafin yana wurin raino. Dashen da ya kamu tun yana ƙarami ba zai yi 'ya'yan kirki ba, wanda ya kamu bayan ya yi fure kuwa zai ba da wani abu. Don haka ka rufe wurin rainon da raga mai ƙananan ido, wadda ake kira mai lamba 50, domin gidan sauro na kwana idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi. Ka nemi irin da aka rubuta yana jure cutar. Duk shukar da ta nuna alama ka sa mata leda ka tuge ta ka fitar daga lambun. Kada ka dasa sabon tumatir a gefen tsohon da aka gama girbi aka bari a tsaye, domin nan ne matattararsu.

Rogon da ke bayan lambuna shi ke jawo mini su?

Ba lallai ba ne. Masana sun gano cewa abin da muke kira Bemisia tabaci tarin nau'o'i ne masu kama ɗaya, kuma wanda ke zaune a rogo galibi daban yake da wanda ke bin kuɓewa da gauta da tumatir. Kuɓewar da aka bari ta tsufa da ciyayin gefen rafi sun fi zama abin zargi. Shi rogo damuwarsa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, wadda farin ƙuda ke yaɗawa amma ta fi bin sandar da aka dasa. Cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua ta fitar da ire-iren da ke jure ta, kamar Bankye Hemaa da Ampong da Sika Bankye.

Tarkon nan mai rawaya mai danƙo fa?

Yana da amfani wajen sanar da kai cewa sun iso, don haka 'yan kaɗan sun isa, a rataye daidai saman shuka. Amma zanzaro ma launin rawaya na jan sa. Idan ka cika wuri da tarko bayan ka saki katuna, kuɗinka kake mannewa.

Idan ya cinye farin ƙudan, ba zai juyo kan shukata ko ya zama wata annobar ba?

Ba zai iya ba. Tsutsarsa ba ta rayuwa sai a cikin ɗan farin ƙuda, idan abincin ya ragu shi ma ya ragu. Ba ya kuma ƙarar da su ƙaf, kullum akan sami 'yan kaɗan da suka rage, kuma waɗannan su ke riƙe zanzaron a wurin har zuwa wata kakar. Wannan tsoron dai yana da tushe idan za a kawo sabon nau'i daga wata nahiya, shi ya sa ake killace shi a gwada shi kafin a sake, shi ya sa kuma dokar izinin nan take.

Ni ba ni da lambu, bokiti 6 ne na barkono da tumatir a bayan ɗaki. Me zan yi?

Hajiya, naki ya fi na kowa sauƙi, kuma ba kya buƙatar sayen komai. Kada ki fesa musu maganin sauro ko na kyankyaso, yana ƙona ganye kuma ba na abin ci ba ne. Duk kwana 3 ki juya ganyen ki watsa wa bayansu ruwa da ɗan ƙarfi, inda 'ya'yan suka yi cincirindo ki goge da tsumma mai ruwan sabulu. Idan kin ga masu duhu ko masu zagayayyen rami, ki ƙyale wannan ganyen.

Ki lura da kiyashi. Idan kin ga suna hawa suna sauka a karan barkonon, zaƙin da farin ƙuda ke fitarwa suke bi, kuma suna korar zanzaron da ya zo aiki. Ki ɗora bokitin a kan bulo a cikin faranti mai ruwa, ki riƙa sauya ruwan duk kwana 2 ko 3 saboda sauro, ki kuma janye bokitin daga jikin bango yadda ganye ba zai taɓa shi ba. Idan da wuri, ki bar ɗoɗɗoya ɗaya ta yi fure a kusa, domin ƙananan furanni suna ciyar da ƙwari masu amfani. Gilashin dubawan kuwa ki ba jikanki ya riƙa ƙirga miki ramukan duk ranar Juma'a, idonsa ya fi namu gani.